Garin da Na Rubuta wa Autanmu

A unguwar Jarwal ta Makka aka haifi autanmu, a ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, wata Laraba bayan la'asar. Shekarata tara a lokacin. Ni aka aika na kira unguwarzoma, wata tsohuwa Bazabarma mai cin goro, ni kuma na riƙe mata buta tana wanke hannu. Da ta ce namiji ne aka sake aikena Harami in sanar da Baba a wurin aiki. Na faɗi wannan tun farko ne don a san cewa, in aka cire Inna, babu wanda ya kai ni sanin inda aka haifi yaron nan. Kuma ni ce na rubuta cewa a Kano aka haife shi.

Mu jikokin mahajjatan ƙasa ne. Kakanmu ya baro wani ƙauye na ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga, ya ƙetare teku ya iso Makka, ya sauke farali, bai koma ba. Ruwa ya riƙa ɗauka a salka yana kai wa gidaje. Da aka zo rubuta mazauna gari a zamaninsa, maƙwabtansa da dama suka je aka rubuta su, jikokinsu yau 'yan ƙasa ne. Shi kuwa ya ce maƙwabcin Ɗakin Allah ba ya neman shaidar wani mahaluki, ya koma kan tabarmarsa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma na sha jin haushinsa.

Baba a Makka aka haife shi. Aikinsa ɗaukar alhazai marasa ƙarfi a shibriyya, wani gadon katako da mutum huɗu ke ɗorawa a ka su yi ɗawafi da mutum. Wannan aikin ne ya cinye masa baya. Shi da Inna da mu, babu wanda ya taɓa taka Kano. Amma da za ka tsayar da ɗayanmu ka ce ɗan ina ne, Kano zai ce maka ba tare da tunani ba. Haka duk lungunmu yake. Wannan gidan Katsinawa ne, wancan Zazzagawa, na kusurwa Damagarawa, alhali duk a bayan Harami aka yanke musu cibi.

Ina da shekara ashirin da ɗaya aka ce irinmu za su iya samun ikama, wato izinin zama, in sun kawo fasfon ƙasar kakanninsu da kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya musu. Lungu ya rikice. Aka je Jidda aka kwaso takardun neman fasfo, sai ga su da rubutun boko, mutanenmu kuwa Larabci suka iya. Ni na koyi boko wurin wata Basakkwata maƙwabciyarmu, hannuna kuma yana da kyau, ina taƙama da shi. Sai tsakar gidanmu ya zama ofis. Dattawan da ba su taɓa sanin sunana ba suka riƙa zama a layi suna ce mini malama.

A takardar akwai gurbin wurin haihuwa. Wani tsohon tela ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi, duk wanda ya rubuta Makka za a ce ya kawo takardar asibiti, mu kuwa duk a gida aka haife mu. Wanda ya rubuta garin kakansa ba a tambayarsa komai. Har yau ban san ko gaskiya ne ba, ba kuma wanda ya gwada. Na tambayi Baba yana kwance, ya ce, “Rubuta Kano mana. Da can 'yan ina ne mu?” Na rubuta Kano. Na rubuta wa wasu Katsina, wasu Zariya, har da saurayin da daga baya na aura. Ko kaɗan ban ji ƙarya nake yi ba, amsar da muke bayarwa ce kullum. Na autanmu na yi na ƙarshe, yana ɗan shekara goma sha biyu, na tsaya na ƙawata masa haruffan.

Aka samu ikama. Autan ya shiga makaranta a makare, ya yi zuciya har ya gama sakandare, kowace takardarsa kuma daga fasfon aka kwafo ta. Baba ya rasu. Aka rushe lungunmu don faɗaɗa hanya, mutane suka watse, wasu unguwar Tandabawi, mu unguwar Rusaifa. Na yi aure, na kafa keken ɗinki a ɗaki, na haifi 'ya'ya uku. Inna da autan suna hawa na ƙasa, mu muna sama. A ikamarsa an rubuta shi direban gida ne, amma aikin da yake yi turin arabiyya, kujerar nan mai taya da ake tura tsofaffi a kai tsakanin Safa da Marwa. Ba aikin da aka yarje wa baƙo ba ne, a raɓe yake yinsa, ido ɗaya kan alhaji ɗaya kan jami'ai.

Yana kusan shekara talatin Amurka ta shiga kansa, kuma na san ranar. Ya dawo da rana muna cin abinci, ya zauna bai ko wanke hannu ba.

“Yaya, yau na tura wani shayib ɗan Amurka,” in ji shi. Shayib tsoho ke nan. “Baƙi ne wallah, ya fi Baba baƙi. Yana jin Larabci kaɗan-kaɗan. Zagaye bakwai bai yi shiru ba.”

Na ce ashe ya zo sa'ayi ne ko hira. Bai kula ni ba. Ya ce tsohon ya tambaye shi asalinsa, da ya ji labarin kakanmu sai ya yi kuka, ya ce nasa kakannin ma daga wajenmu aka kwaso su, amma a cikin sarƙa, a ƙasan jirgin ruwa, bai ko san sunan garinsu ba. Kakansa ya noma auduga a gonar wani har ya mutu. Babansa ya gudu arewacin ƙasar a jirgin ƙasa, ya shiga masana'antar mota. Shi kuma ya yi karatu, yana da kantin magani nasa na kansa, 'yarsa likita ce. Ya kuma ce akwai unguwannin da aka hana babansa sayen gida saboda fatarsa, kuma ɗansa namiji yana kurkuku tun yana saurayi. Ranar farko autan ya faɗa mana duka. Daga baya, duk lokacin da ya maimaita labarin, a kan likitar yake tsayawa.

Daga nan wayarsa ta zama makaranta. Ya karanto yadda wasu suka gudu daga Turai don a bar su su yi addininsu, suka shiga jirgi ba su san inda za su sauka ba, ya ce ai irin kakanmu ne. Ya karanto yadda aka riƙa bai wa talaka fili, in ya nome shi 'yan shekaru ya zama nasa. Ya ce daga nan suka samo tunanin cewa mutum gumin goshinsa ne, ba gidan da ya fito ba, don mafi yawansu ba su zo da wani gida ba. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

“Filin wa aka raba musu, Auta? Da suka sauka ba kowa a wurin?”

“Akwai mutane. An zalunce su, na karanta.”

“To, da bayin da suka yi musu noman?”

“Na sani, Yaya, ba Aljanna na ce miki ba.” Ya ajiye wayar. “Amma ki duba. Jikan bawa yana da kantin magani. Jikan alhaji yana tura shi a arabiyya. Can duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, ko jiya uwarsa ta sauka. Ba sa tambayar kai ɗan waye.”

Na ce surutu ne, na koma kan kekena. Amma maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. 'Ya'yana uku a asibitin Makka na haife su, kakan uwarsu a Makka yake kwance, kuma kowace shekara sai an sabunta musu izinin zama.

Akwai ƙuri'ar biza da Amurka ke yi duk shekara, a zaɓo mutane daga ƙasashe a ba su izinin zama. Autan ya shiga sau ɗaya, sau biyu, har na daina tambaya. Ina tsokanarsa in ce Ba'amurke an dawo, ya ce zan gani. Sai wata shekara sunansa ya fito. Ya hawo sama da gudu, ya nuna mini wayar. Na yi murna, wallahi na yi. Inna ce ta kasa gane kan abin.

“Mutane na sayar da gona su zo su mutu a nan,” in ji ta, “kai kana neman hanyar fita.”

“Ya ummi, ni ban isa mutuwa ba tukuna. Zan je in yi aiki, in dawo miki umara kamar kowa.”

Da murnar ta lafa ya yi mini bayanin tsarin. Ƙasar da aka haifi mutum ake dubawa, ba fasfon da yake riƙe da shi ba. Ƙasashen da mutanensu suka riga suka yi yawa a can ba sa cikin ƙuri'ar, Najeriya tana cikinsu. Saudiyya kuwa tana ciki. Shi ya rubuta Makka, don a Makka aka haife shi. Na ce, “Auta, fasfonka fa Kano ya ce.” Ya yi dariya, ya ce mafi mushkila, ba matsala, zai faɗa musu yadda aka yi, mutanen nan gaskiya suke so. Na dube shi na ga ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Ƙasar da ya ce ba ta tambayar kai ɗan waye, tambayarta ta farko ina aka haife ka.

Ya yi gwajin asibiti, ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya tafi Riyad ganawa a ofishin jakadancinsu. Ya dawo da takarda guda ɗaya a naɗe. Ya ce matar da ke bayan gilashi ta saurare shi har ƙarshe, ba ta katse shi ba, ba ta raina shi ba. Sannan ta jera takardunsa, fasfo, ikama, shaidar makaranta, ta ce duk Kano suka ce, babu ko ɗaya da ta ce Makka. Ta ce ya kawo hujja kafin ƙarshen watan Satumba, daga ranar ƙuri'ar shekarar ta rufe, ba mai iya buɗe ta. Ban ga laifin matar ba. Da ni ce a kujerarta haka zan yi.

Saura wata uku. Unguwarzomar ta daɗe da mutuwa. Ya ɗauki Inna a mota ya kai ta inda lungunmu yake da, wai ko za a samu wata alama. Na bi su. Hanya ce mai faɗi da gada a samanta, otal-otal dama da hagu. Inna ta tsaya ta juya ta sake juyawa, ta nuna wani wurin ajiye motoci ta ce kamar nan ne, sannan ta ce a'a, can ne. Autan ya ɗauki hoton kwalta. Ya je wurin umda, wato mai unguwa, sabo ne, ya ce ba zai sa hannu kan abin da bai gani ba, ga shi takardu sun faɗi akasi. Ya bi tsofaffin maƙwabtanmu har Tandabawi. Dattawa biyu suka ce sun tuna ranar sunansa, har da ragon, za su yi shaida. Da suka kwana suka tuna nasu fasfon ma Katsina ya ce, da rubutun hannuna, sai ɗaya ya ce ƙafa ta kama shi, ɗayan ya daina ɗaukar waya.

Hanya ɗaya ta rage. A je Jidda a nemi gyaran fasfo, Inna ta yi rantsuwa ita ta haife shi a Makka, wadda ta cika takardar kuma ta tsaya ta ce ita ta rubuta ba daidai ba, ta faɗi dalili. Ko hakan ma ba tabbas zai isa kafin lokaci. Amma hanya ce. Maigidana ya tambayi wani mai bin takardu a ofisoshi, irin waɗanda suka san kowace taga. Mutumin ya ce in aka canja wurin haihuwa a fasfo dole a canja a ikama, in kuwa aka buɗe fayil ɗin mutum ɗaya, mumkin, mai yiwuwa, a duba na danginsa. Mumkin kawai ya ce. Fasfona Kano, na Inna Kano, na maigida Zariya, ikamar 'ya'yana kuma a jikin tasa take rataye.

Da safe autan ya same ni a ɗakin ɗinki. Ya zauna a kan buhun yadi, ya bari na gama layin da nake.

“Yaya, ke kika rubuta. Ke kaɗai za ki iya warwarewa.”

“Na ji. Bari maigida ya sake tambaya.”

“An tambaya. Saura sati bakwai.”

“Za mu je, Auta. Ka ga ɗinkin amarya ne a gabana, in na gama.”

“Ɗayyib,” in ji shi, wato to. Ya tashi.

Na gama ɗinkin amarya. Sai ɗana na tsakiya ya yi zazzaɓi, gaskiya ne ya yi, amma kwana biyu ya warke, ni na mai da shi sati. Sai na ce ranar Lahadi ofis cunkoso, a bari Talata. Ban taɓa ce masa ba zan je ba, kuma ban taɓa ce wa kaina haka ba. Kullum ina kwana da niyyar zuwa, in na tashi na ga yaran suna neman takalman makaranta sai in fasa. Tsoro nake ji. Ina ganin an kira mu wata taga an ce duk takardunmu na ƙarya ne, an kwashe mu da yara zuwa ƙasar da ba mu sani ba. Maigida bai hana ni ba, da ma ya hana ni da na samu wanda zan ɗora wa. Cewa ya yi ƙanena ne, in yi abin da na ga ya dace.

Saura sati uku, wata Talata da sassafe, ya aro mota, ya sa Inna a baya da sandarta, ya yi mini waya ya ce suna ƙasa. Na riga na sa abaya. Na leƙa ta taga na gan shi jingine da motar, riƙe da jakar takardunsa. Na zauna a bakin gado. Na tura masa saƙo na ce kaina ke ciwo, ba na iya buɗe ido. Bai hawo ba, bai sake kira ba. Rana ta yi zafi, ya mayar da Inna ciki, ya dawo ya tsaya. Ina bayan labule ina kallonsa har aka kira azahar, sannan ya shiga motar ya tafi mayarwa.

Satumba ya ƙare. Na yi shirin faɗa, na tanadi amsoshi, har da cewa ai Baba ne ya ce in rubuta. Bai ba ni dama ba. Ya ci gaba da gaishe ni da safe, yana kawo wa yara alewa, yana gyara mini keke in ya lalace. Sunan Amurka ne kawai bai ƙara fita daga bakinsa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na riƙa zuba masa nama fiye da na kowa, yana ci yana godiya, ni ina jin kunyar kaina.

Bayan shekara guda kafilinsa ya rasu. Dole ya nemi wani a mayar da ikamarsa kansa kafin ta mutu, abu ne da kowa a cikinmu ya san yadda ake yi. Na tuna masa, ya ce ɗayyib. Na sake tuna masa, na ce maigida ya samo mutum, ya ce ɗayyib. Mutumin da ya yi wata uku yana bin ƙofa-ƙofa saboda takarda ɗaya, yanzu ba ya iya zuwa ofis ɗaya. Ikamar ta mutu. Wata ranar Juma'a aka kama shi da arabiyya a hannu, da wata tsohuwa a kai. Aka kai shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Muka yi ta zirga-zirga, ba abin da ya yiwu. Suka duba fasfo, suka sa shi a jirgin Kano.

Yau shekararsa biyu a can. Yana haya da wasu da aka maido kamar shi, yana tuƙa adaidaita sahu, fasinja na yi wa Hausarsa dariya suna ce masa Balarabe. Inna ta daina fitowa ƙofar gida. In ya kira ta ce masa ya ci abinci, sai ta miƙo mini wayar. 'Ya'yana suna makaranta, ikamarsu ba wanda ya taɓa ta. Ban san ko da na je Jidda da an taɓa ta ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Watan jiya ya kira ni da hantsi, ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce yana layin yin katin ɗan ƙasa, an ba shi takarda ya cika.

“Yaya, sun ce Kano kaɗai ba ta isa ba. Sai na rubuta ƙaramar hukuma da unguwar da aka haife ni, mai unguwar zai sa hannu. Lokacin da kika rubuta, akwai unguwar da kika nufa?”

Babu gatse a muryarsa, tambaya yake yi tsakani da Allah, da biro a hannu. Ban san sunan unguwa ko ɗaya a Kano ba. Na ce masa ban sani ba, Auta, ban taɓa sani ba. Ya ce ba komai, zai tambayi na bayansa a layi, in gaida Inna.